Wa'adi Biyu Muka Rubuta

Talata, 4 ga Oktoba, da hantsi

Gyaɗa ta yi bana, alhamdu lillahi. Tun jiya amalanke ke sauke ta daga gonar bayan gari, tsakar gida ta cika har kaji sun rasa hanyar akurkinsu. Mushe, wato maigidana, ya riƙe ƙugu yana ba jaki umarni kamar yana gaban aji. Mun daɗe da ajiye alli ni da shi, amma mutanen Dungass ba su san da haka ba. Shi Mushe, ni Madam, kamar yadda ake kiran malaman makaranta a nan Nijar, sai dai in mun mutu.

Ina cikin wannan murna Fanta ta yi sallama. Daga yadda ta gyara zama na san ba barka ce ta kawo ta ba. Ta ce, "Madam, an fa kawo mana ƙara."

Ƙungiyarmu ta mata masu man gyaɗa, Hannu Da Yawa, tana da doka a rubuce, kuma ni na rubuta ta da hannuna ranar da muka kafa ta a gindin dogon-yaron lakwal, makarantar da muka koyar. Aya ta bakwai ta ce shugaba wa'adi biyu take yi, ta sauka. Aya ta ƙarshe ta ce in gardama ta tashi a kan doka, tsofaffi uku ne za su raba, kuma maganarsu ce ta ƙarshe. Ƴan ukun su ne ni da Fanta da Ɗela. Tun da aka naɗa mu ba mu taɓa raba abin da ya wuce rigimar mazurari ba.

Shugabar yanzu wa'adinta na biyu zai cika a ƙarshen watan nan. Mubaraka ma'ajiya da mutanenta sun ce ta zarce. Wai tunda bara matan ƙauyen Dogo-Dogo suka shigo aka sake buga dokar, ƙungiya ta zama sabuwa, lissafi daga farko zai tashi. Na'ima, ɗaya daga cikin matan Dogo-Dogon, ta ce ba ta yarda ba, ƴan uku su duba.

Shugabar kuwa uwar Muhsin ce, ɗiyata ta fari. Ba na faɗar sunanta, kuma ko a wannan kaye, littafin sirrina, ba zan rubuta shi ba.

Laraba, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Mushe ya samu abin yi. Da ya ji labari sai ya kashe rediyo, abin da ba ya yi sai in an kira salla, ya ce, "To, ashe da kotun ƙoli nake kwana gida ɗaya ban sani ba!" Ina kawo masa hura ya miƙe tsaye wai alƙaliya ta shigo. Na ce ya zauna kafin in yanke masa hukuncin ɓarar gyaɗa. Ya zauna, ya ɓare ƴar kaɗan, ya cinye.

Na yi dariya har na yi hawaye. Gaskiya abin ya ɗan faranta min rai. Mace ta tsufa, a ce maganarta ce ta ƙarshe a wani wuri ban da madafa.

Juma'a, 7 ga Oktoba, da safe

Na kai niƙa ɗakin injin ƙungiya. Layi har bakin hanya, mata daga ƙauyuka da buhunansu a kan jakuna, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya kai masallaci. Uwar Muhsin na tsaye wajen injin, ta ɗaure ɗamara, salula a kunne tana ciniki da wani ɗan kasuwar Magaria, hannu ɗaya kuma tana nuna wa wata yarinya yadda ake daidaita bel ɗin injin. Ba ta ɗaga murya. Ta ce masa, "Alhaji, jarkarmu ba ta da ruwa a ciki, saboda haka kuɗinta ma ba shi da ragi." Ya saya.

Ita ta nemo injin nan, ta yi ta zarya Zinder har takalminta ya ƙare. Ita ta samo masu saye har daga tsallaken iyaka. Wannan kowa ya sani, ba yabo nake yi ba.

Ta hango ni ta rusuna. "Madam, ina kwana?" Haka take kirana kamar kowa. Tun da aka yaye ta tsohuwata ta ɗauke ta zuwa Kwaya, can ta girma, ta dawo hannuna da wayonta lokacin shiga lakwal, na zama Madam har yau. Na amsa ina kallon buhuna, kamar yadda ya kamata. Ta sa aka yi min niƙa a kan layi, ba ta shigar da ni gaba ba, ni ma ban nema ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da almuru

Jar akuya ta haifi tagwaye, duka mata. Ban buɗe dokar ba.

Litinin, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Zaman kotu na farko, a kan tabarmata, kowa da ƙwaryar ɓara a gabanta. Ɗela ta zo da sandarta da jikarta da ta rako ta, ta kori jikar ta ce sirrin gwamnati za a yi. Ɗela ta girme mu duka, kunnenta ɗaya ya yi ritaya, amma bakinta na nan da ƙuruciyarsa.

Na karanta aya ta bakwai a tsohuwar takarda, na karanta a sabuwa. Kalma ɗaya ba ta canja ba.

Ɗela ta ce, "Ni fa ban gane ba. Tukunya na dafa maka tuwo lafiya, sai ka fasa ta don takarda ta ce?"

Fanta ta ce, "Ba fasa ta za a yi ba, Yaya Ɗela. Sauke ta za a yi a ɗora wata."

"To in wata ta ƙone tuwon fa?"

"Sai mu ci ƙanzo, mu koya."

Suka yi ta yi har gyaɗa ta ƙare a ƙwarya. Ɗela ta kira Fanta Babarbariya mai taurin kai, Fanta ta ce ai da taurin kan ta auri ƙanen Ɗela ta kuma binne shi. Muka yi dariya har Mushe ya leƙo ya ce kotun Yamai ba a jin ta daga waje haka. Ni kuwa sai ƙara musu gyaɗa nake. Muka ɗage zama.

Laraba, 12 ga Oktoba, da la'asar

Na je barkar haihuwa na dawo na tarar da kwanon ƙuli-ƙuli da kwalbar mai, Mubaraka ta aiko wai a gaida Madam. Mushe ya riga ya kai rabin kwanon. Na ce, "Mushe, ka san abin da ka ci?" Ya ce ƙuli. Na ce toshiyar baki ka ci. Ya dubi kwanon ya ce ai shi ba alƙali ba ne, mijin alƙaliya ne, kuma doka ba ta ambace shi ba. Na cika kwanon da nawa ƙulin na mayar da kaina.

Mubaraka ba ta ji kunya ba ko kaɗan, kuma na ji daɗin haka. Ta ce, "Madam, wallahi ba saye nake ba, tsoro nake ji. Ƴan kasuwar nan muryarta kaɗai suka sani. In ta sauka suka juya mana baya, matan da ke ciyar da gida da man nan ina za su?" Wannan magana ce, ba zan ce ba magana ba ce.

Da na miƙe sai ta ƙara da cewa, "Amma duk gari an san abin da za ki yi. Kunyar ɗiyar fari za ta sa ki kayar da ita, don kada a ce."

A hanyar dawowa na haɗu da wata ƴar'uwar Na'ima wajen famfo. Ba ta gan ni ba tana cewa, "Ɓata lokaci ne, uwa ba ta yanka ɗiyarta." To, madalla. In na ce ta sauka, kunya ce. In na ce ta zauna, son kai ne. Ba wanda ya yi zaton zan karanta takardar.

Juma'a, 14 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Uwar Muhsin ta zo.

Ba ta saba shigowa ɗakina ba, a tsakar gida muke gaisawa. Yau ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta tambayi akuya, ta tambayi ƙafata. Ta faɗi abin da take so ta ƙarasa, rumbun ajiya da injin tacewa, ta ce saura kaɗan. Sannan ta ce, "Madam, ban taɓa roƙon ki komai ba."

Gaskiya ta faɗa. Ko alawa ba ta taɓa roƙo na ba.

Abin da na amsa mata ba zan rubuta ba. Gajere ne, kuma na faɗe shi da muryar aji, wadda ba ita nake nufi ba. Ta ce, "To, Madam," ta sa takalmi. Hurar da na dama mata tana nan.

Asabar, 15 ga Oktoba, da hantsi

Gyaɗa dai ta yi bana.

Litinin, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Mushe ya lura ba na cin abinci. Yau bai miƙe min tsaye ba. Ya jawo kujera kusa da ni muna tsince gyaɗa, ya ce in tuna shekarar tazarce, lokacin da alƙalan kotun tsarin mulki a Yamai suka ce a'a, aka rushe kotun saboda haka. Na tuna mana. Muna lakwal a lokacin, malamai sun taru a kan rediyo ɗaya a ofishin darakta, ba mai tari. Ya ce, "Su ma suna da ƴaƴa da dangi, Madam. Ba daga sama suka faɗo ba."

Na ce su ba ɗiyarsu ce a gabansu ba. Ya ce haka ne, bai musa ba. Shi ma ɗiyar farinsa ce, shi ma ba ya kiran sunanta, amma na sha ganin shi yana bi ta ɗakin inji ba tare da yana da niƙa ba.

Sai ya ce, "Ke kika rubuta ayar nan. Ranar da kika rubuta, wa kike tsoro?"

Na san amsar. Ba muguwar shugaba muke tsoro ba. Kafin Hannu Da Yawa mun yi wata ƙungiyar, shugabarta marigayiya Sa'a, mace mai amana wadda ba a yi kamarta ba. Saboda kirkinta muka sakar mata komai, muka kwanta. Ita ta san mai saye, ita ta san mai gyara, ita ta san inda makulli yake. Ranar da ciwo ya kwantar da ita, ƙungiyar ta kwanta tare da ita, har ta riga Sa'a mutuwa. A wurin zaman makokinta muka ce in mun sake kafa wata, wa'adi biyu, ko da mala'ika ce.

Na ci tuwo da dare, har na ƙara.

Alhamis, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Zama na biyu. Ɗela ta ce shugaba ta zauna. Fanta ta ce ta sauka. Suka juyo suna kallona.

Na ce matan Dogo-Dogo da za su shigo bara, an karanta musu dokar nan aya bayan aya, har ta bakwai, suka ce sun yarda, suka zuba kuɗinsu. Ba wanda ya ce musu lissafi ya koma farko. In gida ya yi baƙi aka ƙara ɗaki, ba a ce an yi sabon gida. Na faɗi tawa: ta sauka.

Ɗela ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Hinda, Allah ya ba ki haƙuri." Rabon da wani ya kira ni da sunana har na manta. Sannan ta buga sanda ta ce an rinjaye ta, kuma har gobe tana ganin wauta ce, amma in an fita waje bakin ƴan uku ɗaya ne, duk wadda ta zo mata da gulma za ta ji da kunnen da ya mutu.

Fanta ta ce ranar taro ita za ta karanta, ta ɗauke min. Na gode mata na ce a'a. Ni ce babbar ƴan uku a takarda, kuma wanda ya ɗebo da zafi bakinsa.

Abin mamaki, da suka tafi sai na ji jikina sakayau. Na kama tagwayen akuya ina musu waƙa, Mushe ya ce kotu ta zautu.

Asabar, 22 ga Oktoba, da yamma

Na soya ƙuli na farko da sabuwar gyaɗa, ya yi ƙarau-ƙarau. Na aika wa maƙwabta, na aika gidan uwar Muhsin. An dawo da kwanon a wanke, an ce an gode.

Talata, 25 ga Oktoba, bayan magariba

Bari in rubuta tun abin yana da zafinsa.

An taru a gindin dogon-yaron lakwal bayan yara sun tashi. Ban taɓa ganin taron ƙungiya haka ba. Matan Dogo-Dogo sun zo a kan kabu-kabu bibbiyu, wasu a amalanke. Maza sun jeru a jikin katanga wai iska suke sha, Mushe a gabansu da babbar riga. Uwar Muhsin na zaune a kujerar shugaba, fuskarta ba ta nuna komai.

Na miƙe da takarda. Na karanta aya ta bakwai, na faɗi dalili kamar yadda muka tsara. Muryata ba ta yi rawa ba, shekaru a gaban aji ba banza ba ne. Na zo ƙarshe na ce, "Saboda haka ƴan uku sun yanke cewa uwar Muhsin ta cika wa'adinta, ba za ta sake tsayawa ba."

Sai Mubaraka ta miƙe, idonta ja. Ta ce, "Madam, wace uwar Muhsin? A taron nan kaɗai akwai uwar Muhsin ta Unguwar Kasuwa, ga ta Dogo-Dogo can. In doka ce, a yi ta doka. Ki faɗi sunan wadda kika sauke."

Wasu suka ce haba Mubaraka, ki ji tsoron Allah. Fanta ta miƙo hannu za ta karɓi takardar. Amma Mubaraka ta fi su gaskiya. Ba a sauke mutum da laƙabi, gobe wata ta ce ba ita aka nufa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na ce, "Nafissa."

Ga shi na rubuta. Nafissa Wada.

Sunan ya fito min wani iri, kamar na ɗanɗana abincin da na daɗe ina dafa wa wasu. Na ga ta ɗago kai. Kuma da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa, abin da ke biye ba ya cikin takarda. Na ce Nafissa ta karɓi ƙungiyar nan da turmi da taɓarya, ta mayar da ita mai inji. Na ce ba a taɓa kama ta da dala ɗaya ta wani ba. Na ce ko uwarta ba ta shigarwa gaban layi. Na ce in da dokar nan za ta lanƙwasa don wani, don ita za ta lanƙwasa, kuma ni da na haife ta na fi kowa so, amma mun rubuta ta ne don irinta, don kada mu sake kwanciya a bayan mace ɗaya har mu karya ta. Na ce ina alfahari da ita. A gaban mutane na faɗa, da rana tsaka.

Ɗela ce ta fara guɗa, da wannan tsohon maƙogwaron nata. Sai wuri ya ɗauka. Na'ima da ta kawo ƙarar tana kuka, Mubaraka na kuka tana dariya tana cewa, "Madam ta zubar da kunya! Ku shaida!" Na hango Mushe ya juya wa taro baya yana duba katanga kamar an ba shi aikin gyaranta.

Ita kuwa uwar Muhsin ta miƙe, ta jira aka yi shiru, ta ce, "Na ji hukuncin ƴan uku, na karɓa. A sa ranar zaɓe." Ta tafi ba ta dubi inda nake ba.

Laraba, 26 ga Oktoba, da la'asar

Duk gari sun zo yi min tsiya, har mai kayan miya. Ita ba ta zo ba.

Asabar, 29 ga Oktoba, bayan azahar

An yi zaɓe, kowa da ƙwayar gyaɗa ɗaya tana jefawa a ƙwaryar wadda take so a bayan zana. Wa ya tsaya? Mubaraka! Mai cewa in ba uwar Muhsin ba duniya ta tashi. Ta tsaya da Na'ima, ta ci da kaɗan, nan take ta roƙi Na'ima ta riƙe ma'aji. Ɗela ta ce to, yanzu za mu ga ƙanzo.

Uwar Muhsin ta miƙa makullai da kanta. Sannan ta zaunar da su biyun ta shiga kiran ƴan kasuwa ɗaya bayan ɗaya a salula, tana cewa, "Alhaji, ga sabuwar shugabarmu, ku gaisa." Na tsaya daga nesa. Ta gaishe ni kamar kullum, na amsa kamar kullum. Ban san ko na yi asararta ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Lahadi, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Ina zaune a inuwar rumbu ina tsintar gyaɗar iri sai na ji sallamarta. Ba salula a hannunta, ba ɗamara. Ta ce tun asuba take neman abin yi a gidanta ta rasa, har ta wanke tukwanen da ke wanke.

Ta zauna a tabarma, ba a gefe ba, a gabana, ta ba ni baya. Ta zare kallabi. Kanta a tsefe.

Ta ce, "Madam, kin iya kitso?"

Na yi wa ƙannenta duka, na yi wa ƴaƴan maƙwabta, na yi wa ɗiyarta. Ita kakarta ce ke mata, daga baya makitsa. Na ce, "Da dai na iya."

Ta miƙo min mataji ta kan kafaɗa. Na raba gashin, sai ga furfura a gefen kunnenta, ba ɗaya ba. Ban san lokacin da ta fito ba. Na tsaya da hannu a kanta ban iya ci gaba ba, ita ma ba ta ce in yi sauri ba. Can ta jingina bayanta da gwiwoyina, da nauyinta duka.

Mushe ya fito daga ɗaki da rediyo, ya gan mu, ya koma ciki a hankali.

Yatsuna sun tsufa, layin ya karkace tun daga goshi. Na ce bari in tsefe in sake. Ta dafe kan da hannu biyu ta ce a bar mata shi haka, gobe da shi za ta kasuwa.